Gyambon Ciki Ba Laifin Mai Girki Ba Ne

 Makon nan na yi niyya mu ci gaba da zancen yaye, sai ga takarda ta zo mini daga wata 'yar'uwarmu ta wajen Gusau, na ga tata ba ta jira. Ta roƙe ni kada in faɗi sunanta, ba kuwa zan faɗa ba. Ga abin da ta ce a taƙaice.

Shekararta shida da aure. Shekara huɗu ke nan maigidanta yana fama da gyambon ciki, wanda yanzu kowa ke kira olsa. Ciwon ya kan taso ya yi mako uku ko huɗu, ya kwanta wata da watanni, sa'an nan ya komo. Tsakar dare ya kan tashe shi, ya zauna bakin gado dafe da ƙahon zuci, sai ta dama masa madara ko ta jiƙa masa kanwa kana ya sami barci. Uwar mijin ta ce ai ɗanta lafiya lau ya ke kafin aure, yajin amarya da rashin ba shi abinci a kan kari su suka lalata masa ciki. Har an fara zancen a nemo masa wadda ta iya girki. Ita kuwa ta daina sa barkono, ta daina sa tsamiya, ta daina suya, miyarta ta koma salam, amma ciwo bai fasa ba. Ta ce in gaya mata tsakani da Allah, ita ce ta jawo masa?

'Yar'uwa, share hawayenki, ba ke ba ce. Da wuya ƙwarai in abin da ke damun maigidanki bai riga ki shiga gidan ba da shekaru masu yawa. Amma ba na so ki karɓi maganata don na ce. Bari in bi da ke sannu, ki ga yadda abin ya ke da kanki, domin ki iya mayar wa wani.

Duk wadda ta taɓa wanke kayan cikin rago ran Layya ta san tumbi, ta san hanji. Tumbin rago ɗaki-ɗaki ne har huɗu, domin yana tuƙa. Na mutum jaka ɗaya ce. In abinci ya sauka cikin jakar nan, sai ta zubo masa wani ruwa mai tsananin tsami, wanda likitoci ke kira asid. Ya fi lemon tsami tsami nesa. Shi ke fara narkar da nama, shi ke kashe yawancin ƙwayoyin cuta da mu ke haɗiya tare da abinci. To, me ya hana shi cinye tumbin, tun da shi ma nama ne? Yaɓe ne ya hana. Fatar cikin tumbi tana fid da wani abu mai kauri da yauƙi kamar majina, ya lulluɓe ta ko'ina. Kamar dai yadda magina ke shafe katangar ƙasa da makuba, ruwan damina ya yi ta dukanta bai taɓa ƙasar ba.

A ƙasan tumbi akwai wata 'yar ƙofa mai tsukewa, tana buɗewa kaɗan-kaɗan abinci yana wucewa. Bayan ƙofar nan farkon ƙaramin hanji ya ke. Tsawonsa kamar inci 10 ne, watau taƙi ɗaya da ɗan ɗori. Likitocin da sun auna shi da faɗin yatsa 12, shi ya sa suka sa masa suna duwodinam, daga kalmar sha biyu a harshen Latin. Shi wannan hanji ba shi da yaɓe mai kauri irin na tumbi. Abin da ke kare shi wani ruwa ne mai aikin ruwan kanwa, da ke zubowa daga jikinsa da kuma wata gaɓa da ke kwance bayan tumbi, ya kashe tsamin da ya biyo abinci. In tsamin ya fi ƙarfin ruwan nan, sai ya ƙona wurin, ya yi miki. Yawanci inci ɗaya ko biyu na farko, dab da ƙofar, nan mikin ke fita.

Alamun da kika lissafa mini irin na mikin wannan wurin ne. Ya kan yi zafi awa biyu ko uku bayan an ci abinci, sa'ad da tumbi ya juye abin da ke ciki, ya rage sai tsami tsura yana gangarowa kan miki. Ya kan ta da mutum tsakar dare. Da an ci wani abu sai ya lafa. Kin ga inda zancen yunwa ya samo asali. Mutum ya ji zafi yana jin yunwa, ya ci ya ji sauƙi, sai ya ce yunwa ce ta ba shi ciwon. Alhali yunwa tona shi ta yi, mikin yana nan tun da fari.

Ba mu kaɗai muka yi wannan kuskure ba. Likitocin Turai da Amurka sun fi shekara sittin suna cewa damuwa da yaji da yawan tsami su ne tushen gyambon ciki. A 1915 wani likita a Shikago, sunansa Bertram Sippy, ya fito da tsari na ba majiyyaci madara da kirim kowace awa, tare da garin magani mai kashe tsami. Aka bi shi ƙasa-ƙasa. Madarar da ki ke dama wa maigida da dare, in kin bi sawunta, can za ta kai ki. Wanda madara ba ta yi masa ba sai a kai shi ɗakin fiɗa, a yanke jijiyar da ke sa tumbi zubo da tsami, ko a datse wani yanki na tumbin. A 1976 aka fito da ƙwayar Tagamet a Ingila, mai rage tsami. Ta warkar da miki ƙwarai, mutane suka yi murna. Sai dai da an daina sha, kafin shekara ta kewayo fiye da rabinsu ciwo ya komo. Ba wanda ya iya faɗin dalili.

Amsa daga Ostireliya ta fito, daga wani birni da a ke kira Perth, can gaɓar yamma. Akwai wani likita a babban asibitin garin, Robin Warren, wanda aikinsa duban ɗan naman da aka tsinko daga jikin majiyyaci a ƙarƙashin madubin da ke girmama abu. A 1979 ya ga waɗansu ƙwayoyi masu lanƙwasa kwance birjik a fatar tumbin wani mutum, ƙarƙashin yaɓen nan. Ya lura kuma duk inda suke fatar ta kumbura ta yi ja. Ya faɗa, ba wanda ya kula shi, domin a littattafan da aka karantar da su an ce ba abin da ke rayuwa cikin tsamin tumbi. A 1981 wani saurayin likita, Barry Marshall, ya haɗa kai da shi. Suka yi ta ƙoƙarin rainon ƙwayar a faranti domin su san ko mece ce, ta ƙi fita. Ashe garaje a ke yi. Al'adar ɗakin gwajin ita ce in faranti ya kwana biyu ba a ga kome ba sai a zubar. Da hutun Ista na 1982 ya zo, aka bar waɗansu farantai har kwana biyar. Aka dawo aka tarar ta fito. Ku 'yan makaranta, kun ji abin da hutu ya taɓa yi wa ilmi, amma kada ku kafa mini hujja da shi.

Suka duba mutum 100. A cikinsu 13 ke da gyambo a farkon hanji, duka 13 ɗin kuwa suna ɗauke da ƙwayar. Duk da haka manyan likitoci suka ce a'a, wataƙila miki ne ya fara, ƙwayar ta zo daga baya kamar ƙuda a kan gyambo. Marshall ya gwada sa wa aladu, ba ta kama ba. To, a 1984 sai ya yi abin da ba na ba kowa shawara ya yi. Ya sa aka leƙa tumbinsa aka tabbata lafiya lau ne. Ya ɗebo ƙwayar da aka raina daga cikin wani majiyyaci, ya kaɗa ya shanye. Bai gaya wa matarsa ba, ga su da 'ya'ya huɗu. Bayan 'yan kwanaki ya soma amai da asuba, bakinsa ya riƙa wari. Ran kwana na goma aka sake leƙawa, aka ga fatar tumbin ta kumbura, ga ƙwayoyin nan kwance. Da uwargida ta ji abin da ya aikata, ta ce ba a gidanta ba, lalle ya sha magani, ya kuwa sha. Ni kam ina bayanta. Ki lura, shi bai kai ga yin gyambo ba. Abin da ya nuna shi ne ƙwayar tana iya kama lafiyayyen tumbi ta ɓata masa fata. Sauran hujjar ta zo ne da aka ga waɗanda aka kashe musu ƙwayar ciwonsu ba ya komowa. A 1994 likitocin Amurka suka yi babban taro suka yarda, a 2005 aka ba Warren da Marshall lambar Nobel. Sunan ƙwayar Helikobakta. In kin ga an rubuta H. pylori a takardar asibiti, ita ce.

Yanzu ga inda na ke so ki ba ni hankalinki, domin nan ne gindin maganar.

Yaya ta ke rayuwa cikin tsamin da ke narkar da nama? Kin san in miyar yakuwa ta yi tsami, ɗan ruwan kanwa ki ke ɗigawa ya kashe shi. To, ƙwayar nan da kanwarta ta ke yawo. A cikin ruwan tumbi akwai ɗan sinadarin da a ke kira yuriya, irin wanda a ke takin zamani da shi, jikinmu ne ke yinsa. Sai ta farfasa shi, ta fid da amoniya, watau abin nan mai zarni da ki ke ji a makewayi. Amoniyar ta kashe tsamin da ke kewaye da ita. Jikinta kuma a murɗe ya ke kamar igiya, da waɗansu 'yan gashi a gefe ɗaya da ta ke kaɗawa. Da su ta ke huda yaɓen nan, ta shige ƙarƙashi, ta lafe jikin fata inda tsami ba ya kaiwa sosai. In ta zauna ta zauna ke nan, shekara talatin, shekara hamsin, in ba an kore ta da magani ba.

Jiki ba ya ƙyale baƙo. Ya kan turo dakarunsa na jini su yaƙe ta, su kasa fid da ita, su kuma ƙi janyewa. Faɗan nan da ba ya ƙarewa shi ke sa fatar tumbi ta kumbura. Kusan duk mai ɗauke da ƙwayar yana da wannan kumburi, ko yana jin ciwo ko ba ya ji.

Ga wanda zai yi gyambon farkon hanji, kumburin ya fi tsanani a ƙasan tumbi, kusa da ƙofa. A daidai wurin nan ne kuwa a ke da masu ba da umurni iri biyu, ƙanana ƙwarai. Waɗansu aikinsu su ce wa saman tumbi, zubo da tsami. Waɗansu aikinsu su ce, ya isa haka. Kumburin sai ya raunana masu cewa ya isa. Saman tumbi kuwa lafiyarsa ƙalau, sai ya yi ta zubowa ba mai tsawata masa. Tsami ya yi yawa, ya riƙa kwarara ta ƙofar nan zuwa farkon hanji, fiye da abin da ruwan kanwar wurin zai iya kashewa.

Dubi tafin hannunki. In kin daɗe kina daka, inda taɓarya ke gugar ki ya kan yi kanta, fatar ta sāke domin ta kare kanta. Haka farkon hanji ke yi. Da tsami ya dame shi, sai fatarsa ta riƙa rikiɗa tsibi-tsibi, ta koma irin fatar tumbi, mai fid da majina mai kauri. Dabara ce mai kyau, amma ita ke buɗe wa ɓarawo ƙofa. Domin ƙwayar nan ba ta iya zama a kan fatar hanji ta asali, sai a kan irin ta tumbi. Kainuwa ba ta fita a tudu, amma in ruwa ya kwanta a tudun ya zama tafki, za ki gan ta. Da tsibin nan sun samu, sai ƙwayar ta gangaro daga tumbi ta hau kansu. Nan ma kumburi ya tashi, yaɓe ya yi rauni, ga tsami yana zuba a kai dare da rana. Sai wurin ya fashe. Gyambon ke nan.

Kin ga dalilin da ya ke tafiya yana komowa. Ƙwayar rage tsami ta kan ba mikin sarari ya rufe cikin mako huɗu zuwa takwas. Amma mai gidan tana nan zaune, kumburi yana nan, masu cewa ya isa ba su farfaɗo ba. Da an ajiye magani sai a koma gidan jiya. In kuwa aka kashe ta, kumburin ya kan sauka sannu a hankali, tsami ya daidaita, waɗanda ciwon ke komo musu ba su kai ɗaya cikin goma ba. A duk wannan labari ina barkononki ya shigo? Yaji yana iya sa mai miki ya ji raɗaɗi, kamar yadda gishiri ke yi in ya taɓa yanka. Ba shi ya yi yankan ba.

Akwai wata hanya da kumburin ke bi ga waɗansu mutane, ba zan ɓoye muku ba. In ya mamaye tumbin duka har sama, shekara da shekaru, sai fatar ta sirance, tsami ya ragu, wani wuri ma fatar tumbi ta koma irin ta hanji, watau kishiyar abin da na faɗa ɗazu. Daga irin wannan ne ciwon dajin tumbi kan tsiro ga kaɗan daga cikinsu. Shi ya sa a 1994 hukumar binciken ciwon daji ta ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙwayar nan cikin abubuwan da ke jawo shi. Amma ke mai takarda kada gabanki ya faɗi. Masu gyambon farkon hanji ba kasafai su ke bin wannan hanya ba.

To, ina mutum ke samo ta? Yawanci tun yana yaro, a gidan da ya tashi. Tana bi ta yawu, da amai, da bayan gida, da ruwan da ƙazanta ta shiga. Inda a ke kwana da yawa ɗaki ɗaya, inda rijiya ke kusa da salga, nan ta fi yawa. Kusan rabin mutanen duniya suna ɗauke da ita. A 1992 aka buga wani bincike da likitoci suka yi a wajen Maiduguri, suka gwada jinin mutanen gari, suka tarar fiye da takwas cikin goma sun kamu, yara ƙanana ma da yawansu sun riga sun kamu. Watau ni da ke da surukarki, mai yiwuwa ne dukanmu muna da ita. Sai dai cikin masu ita, kamar ɗaya cikin goma ne ke yin gyambo. Irin ƙwayar ya bambanta, wata ta fi wata mugunta. Jikin mutane ma ya bambanta. Shan taba yana ƙara, yana kuma hana miki rufewa da wuri.

Kada ki ɗauki wannan ki je ki ce wa surukarki ita ta ba ɗanta. Ba na son rigima, ba kuma wanda ya san ta inda ta shiga. Abin da za mu ɗauka mu iyaye mata shi ne na gaba. Tauna wa jariri abinci a ba shi, da ɗanɗana kunu da cokalinsa, da lasar hannu a sa masa a baki, likitoci suna zaton duk hanyoyi ne. A wanke hannu da sabulu bayan an fito makewayi da bayan an wanke wa yaro, a tafasa ruwan shan ƙanana in ba a amince da shi ba.

Ƙwayar nan tana da abokin ɓarna, shi kuwa da kuɗinmu mu ke sayo shi. Magungunan ciwon jiki irin su asfirin, da ibufurofen, da daikulofenak, da Feldene, suna hana fatar tumbi da ta hanji yin yaɓen nan. Su kaɗai ma suna iya huda ciki ko babu ƙwayar, balle sun tarar da ita. Ku 'yan makaranta masu haɗiyar biyu-biyu saboda ciwon mara ciki ba kome, da ku iyayenmu masu aika yaro kemis ya karɓo haɗin ciwon gaɓoɓi kullum da yamma, da ku na ke. Haɗin nan da a ke ƙullawa a leda, wani lokaci iri biyu ko uku na waɗannan ne a ciki. Mai gyambon ciki ya tsaya ga farasitamol, sai in likita ne da ya san da gyambon ya rubuta masa wani. Na sani kuma a makarantar kwana olsa ta kan yi yawa ran da aka dafa wake. Ba kowane ƙwannafi ne gyambo ba. Wadda ke jin zafi da gaske ta je a duba ta, kada ta sa wa kanta suna.

Mu komo kan maigidanki. Abu na farko a gwada shi. Gwaji iri-iri ne. Akwai na bayan gida, akwai na numfashi, inda a ke ba mutum yuriya ya sha, ya hura cikin wata 'yar jaka, in ƙwayar tana nan ta farfasa yuriyar za a gani a numfashin. Akwai na leƙawa, a zura wata siririyar roba mai fitila ta baki, likita ya ga mikin da idonsa, ya tsinko ɗan nama kamar ƙwayar gero a duba. Manyan asibitoci suna yi. Gwajin jini shi ya fi araha, shi aka fi yi, amma yana da aibi: ba ya rarrabe wanda ke da ita yanzu da wanda ya rabu da ita bara. A gaya wa likita magungunan da a ke sha, domin omefirazol da 'yan'uwansa suna ɓoye ƙwayar. A kan dakatar da su mako biyu kafin gwajin numfashi ko na bayan gida.

In an same ta, maganin ba ƙwaya ɗaya ba ce. A kan haɗa mai rage tsami da masu kashe ƙwayar cuta iri biyu, wani lokaci a ƙara da na huɗu mai suna bismut, a sha kamar kwana 14. Ƙwayoyi ne da yawa, suna sa ɗaci a baki, wani ya yi tashin zuciya ko zawo. Bismut kuma yana baƙanta harshe da bayan gida. Nan ne aikinki ya ke, uwargida. Maza da sun ji sauƙi ran kwana huɗu sai su ce sun warke. In ya tsaya a nan, raunanan ƙwayoyin ne suka mutu, masu taurin kai sun rage, su hayayyafa, gaba maganin ba zai ci su ba. Dubi Flagyl. Saboda yadda mu ke shansa barkatai, kowane ciwon ciki Flagyl, a ƙasarmu ƙwayar nan ta saba da shi a wurare da yawa har ba ta jinsa. Saboda haka kada ki kwafi takardar maƙwabciya ki kai kemis. Likita ne zai zaɓi haɗin. Ki lissafa ƙwayoyin, ki ja layi a bango ko a kalanda safe da yamma har su ƙare. Bayan an gama da aƙalla mako huɗu a koma a sake gwaji, na numfashi ko na bayan gida, a tabbata ta mutu. Mace mai ciki ko mai shayarwa ta faɗa wa likita tun kafin ya rubuta.

Madara fa? Ta kan sanyaya na ɗan lokaci, daga baya ta sa tumbi ya ƙara zubo da tsami. Ya sha don abinci ce, ba don magani ba. Kanwa tana kashe tsami nan take, gaskiya ne, amma ba ta taɓa ƙwayar, ga gishiri jibge a cikinta mai wahal da zuciya da ƙoda. Likitocin Zariya sun daɗe da nuna yadda yawan kunun kanwa ke da hannu a ciwon zuciyar masu jego. Goro da gahawa suna ƙara tsami, ya rage su, musamman ciki ba kome. In azumi ya gabato bai gama magani ba, ya tambayi likita tun da sauran kwanaki. Abinci kuwa, abin da ya ci ya ji ya dame shi ya bari har ya warke, saura ya ci abinsa. Ba sai gida duka sun koma cin miyar marasa lafiya ba.

Abu uku ne in kin gani ba jiran gari ya waye. In bayan gidansa ya fito baƙi ƙirin, mai danƙo kamar kwalta, da mugun wari, ko ya yi aman jini, ko amai mai kama da dusar gahawa, miki ya ci jijiya ke nan, jini na zuba a ciki. In ciwo ya soke shi farat ɗaya kamar wuƙa, ciki ya sandare kamar katako, ba ya son ko motsi, hanjin ya huje, sai fiɗa, kowace awa kuwa tana da tsada. Kada a ba shi kome ta baki, a ɗauke shi. In kuma yana aman abincin da ya ci tun jiya, yana ramewa, tabon tsohon miki ne ya tsuke ƙofar. Haka nan dattijon da ciwon ciki ya fara masa da girma, ko abinci na tsaya masa a ƙirji, ko ya yi fari fat yana rama, leƙawa ya ke bukata, kada a tsaya gwada magani. Zafin ƙirji da ya zo da gumi da sarƙewar numfashi ma kada a ce olsa ce, yana iya zama zuciya.

Game da surukarki, shawarata kada ki yi musu da ita, ba za ki ci ba. Ki lallashi maigida ku je asibiti, ki roƙi Inna da ladabi ta raka ku, ki ce hankalinki zai fi kwanciya in tana wurin. Ku shiga tare, ki tambayi likita a gabanta ko girki ne ke kawo wannan ciwo. Ta ji daga bakinsa. In an yi gwajin, ki rubuto mini abin da aka samu da irin maganin da aka ba shi, da ran da ya fara sha. Allah ya ba shi lafiya.

Zancen yaye sai mako mai zuwa.